Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Ba Kullum Ne Laifin Maɓalli Ba

Daga cikin koke-koken da ake kai wa masu gyaran kwamfuta a manyan garuruwan ƙasar nan akwai guda ɗaya wanda ba ya yankewa, rani da damina. Mutum zai buɗe kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya danna maɓallin kunnawa, ta yi shiru kamar an shuka dusa. Ya sake dannawa, ya ƙara da ƙarfi, har wani ya kai ga bubbuga ta da tafin hannu, amma ko fitila ɗaya ba za ta kama ba. Abin da ke fara faɗo wa mai ita a rai shi ne maɓallin ya lalace, tun da shi ne abin da yatsansa ya taɓa bai ga biyan bukata ba.

Wannan matsala ta daina zama ta 'yan ƙalilan. Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta zama a kan kwamfuta, na'urar ta shiga rayuwar ɗalibi tun kafin ya taka ƙofar jami'a. A cikinta ɗalibin ajin ƙarshe yake ajiye kundin bincikensa na shekara guda, a cikinta akawu yake lissafin albashin ma'aikata, da ita kuma mai shagon buga takardu yake ciyar da iyalinsa. Saboda haka ranar da ta ƙi tashi, asarar da ake tsoro ta wuce ta kuɗin na'urar kanta.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, a mafi yawan lokuta maɓallin nan ba shi da laifi. Wutar da ke tayar da kwamfuta tana biyo wata doguwar hanya ce tun daga bangon ɗaki, kuma maɓalli yana kusa da ƙarshen hanyar. Wanda ya bi ta daki-daki, ya fara daga waje kana ya shiga ciki, sau da yawa yakan gano inda ta yanke ba tare da ya kashe ko kwabo ba. In ma ta kai ga zuwa wurin mai gyara, zai je ne da sanin abin da zai faɗa da abin da ba zai yarda a yi ba.

AIKIN MAƁALLI

Mutane da dama sun ɗauka maɓallin kwamfuta daidai yake da makunnin fitilar ɗaki, wanda da kansa yake sakin wuta ko ya yanke ta. A kwamfutocin tebur na da can haka abin yake. Amma daga wajen tsakiyar shekarun 1990 aka sauya salo, kuma a shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da wani tsari mai suna ACPI wanda ya daidaita yadda ake sarrafa wutar kwamfuta. A wannan tsari maɓalli ya koma ɗan aike kawai.

A jikin babban farantin da ke cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, akwai wata 'yar ƙaramar ƙwayar lantarki wadda ba ta barci muddin akwai batir ko caja a jikin na'urar. Ko kwamfuta tana kashe, ana ɗan tsiyaya wa wannan ƙwaya wuta mai ƙarfin bolt 3.3 domin ta zauna cikin shiri. Idan aka danna maɓalli, abin da yake yi shi ne ya haɗa wasu bakunan ƙarfe guda biyu na ɗan lokaci, ƙwayar ta ji saƙon. Daga nan sai ta duba ko akwai isasshiyar wuta, sa'an nan ta riƙa buɗe wa sassan kwamfuta wutarsu ɗaya bayan ɗaya bisa ƙa'ida. Idan ta tarar wutar ba ta isa ba, ko wani sashe ya sami matsala, sai ta ƙi buɗewa domin ta kare sauran.

Watau dai maɓalli mai sallama ne a ƙofar gida. In ya yi sallama ba a amsa ba, mai yiwuwa ne muryarsa ce ba ta fita, amma ya fi yiwuwa a ce masu gidan ne wani abu ya hana su fitowa.

A FARA DA KALLO DA SAURARO

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a tantance irin ƙin da kwamfutar ta yi, domin ƙin tashi iri uku ne, kuma kowanne da inda yake nuni. Na farko shi ne wanda ba a ganin alamar rai ko kaɗan: babu fitila, babu motsin fanka, babu ɗumi. Wannan yana nuna wuta ce ba ta isa ciki ba, ko kuwa saƙon maɓalli ne bai kai ba. Na biyu shi ne wanda fitila za ta kama, a ji fanka tana juyawa, amma fuskar kwamfuta ta tsaya baƙi ƙirin. A nan maɓalli ya riga ya gama aikinsa, ya fita daga zargi. Na uku shi ne wanda za ta tashi na 'yan daƙiƙoƙi ta sake mutuwa, abin da kan faru idan wutar ta yi kaɗan, ko wani sashe na ciki ya lalace, ko zafi ya yi yawa.

Akwai kuma wani abu mai sauƙi da kan ruɗi mutane. Kwamfuta takan shiga barci idan an rufe murfinta, wani lokaci kuma sai ta maƙale a cikin barcin ta kasa farkawa. Mai ita yana ganin a kashe take, alhali kuwa a kunne take. Maganin wannan shi ne a danne maɓallin a riƙe shi har kimanin daƙiƙa 10 domin ta mutu gaba ɗaya, a ɗan jira kaɗan, kana a danna sau ɗaya. Har ila yau a cire duk abin da aka jona mata, kamar filash da na'urar buga takarda da linzami, domin lalataccen abu guda a cikinsu yana iya hana ta tashi.

DAGA BANGO ZUWA CAJA

Idan babu alamar rai, sai a koma farkon hanya. A gwada soket ɗin da wani abu da aka tabbatar yana aiki, kamar cajar wayar hannu ko fitila. A cire caja daga doguwar igiyar nan mai bakuna da yawa a jona ta kai tsaye a bango, domin irin waɗannan igiyoyi na araha sukan saki daga ciki. A duba kan filogi mai ƙafa uku, wanda shi ne aka fi amfani da shi a Nijeriya da Gana, domin a cikinsa akwai ɗan fiyus da kan ƙone idan wuta ta yi tsalle. Sauya shi ko sauya guntuwar igiyar da ke tsakanin bango da tubalin caja ba ya cin kuɗi mai yawa.

Aikin caja shi ne ta karɓi wutar gida, wadda a Nijeriya ƙa'idarta bolt 230 ce, ta mayar da ita wajen bolt 19 zuwa 20 irin wadda kwamfuta ke sha. Saboda tana tsaye tsakanin wutar gari da na'ura, ita ce ke fara shan dukan idan an kawo wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, ko kuwa idan ƙaramin janareta yana ba da wuta mai hawa da sauka. Mutuwar caja a irin wannan hali abin godiya ne, domin ta fanshi abin da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Wasu cajoji suna da 'yar fitila a jikin tubalin ko a bakin igiya, kuma wannan fitila tana ba da labari mai amfani. Idan an jona caja a bango ita kaɗai fitilar ba ta kama ba, to cajar ce ta mutu ko igiyarta. Idan ta kama, amma da zarar an soka ta a jikin kwamfuta sai ta mutu, wannan alama ce ta cewa wuta na haɗuwa a cikin kwamfutar, cajar kuwa ta kashe kanta ne domin kariya. A irin wannan yanayi ci gaba da gwadawa ba shi da amfani, sai a nemi mai gyara.

A kuma duba igiyar tun daga farko har ƙarshe, musamman wurin da ta fito daga tubali da wurin da ta shiga baki, domin a nan take karyewa saboda yawan naɗewa. Haka nan ramin da ake soka caja a jikin kwamfuta yakan saki. In sai an karkata bakin caja ko an tokare shi da littafi kafin fitilar caji ta kama, to ramin ne ya sami rauni. A kwamfutoci da yawa ana iya sauya wannan rami shi kaɗai.

Hanya mafi sauri ta wanke caja ko kama ta da laifi ita ce a ari wata irinta sak wadda aka san tana aiki. A nan ne ake bukatar karanta rubutun da ke jikin tubali. Ƙarfin bolt dole ya zo daidai da na asali, yawan wat kuwa kada ya gaza. Alal misali, cajar da aka rubuta mata bolt 19.5 da amfiya 3.34 tana ba da wat 65 ke nan, domin ana ninka lambobin biyu ne. Kwamfutar da aka yi ta domin wat 90 ba lalle ne ta gamsu da mai 45 ba. Bugu da ƙari, cajojin Dell da na HP masu zagayayyen baki suna da wani siririn tsinke a tsakiya, wanda ta cikinsa kwamfuta ke gane irin cajar da aka jona mata. Idan tsinken ya lanƙwashe ko ya karye, ko kuwa aka sa cajar wani kamfani don kawai bakin ya shiga, sau da yawa batir ba ya caji.

Sababbin kwamfutoci da yawa suna caji ne ta ƙaramin ramin nan mai suna USB-C, irin na wayoyin hannu na zamani. Kamannin bakin ya sa wasu ke jona cajar waya su zauna jiran tsammani, alhali yawancin cajojin waya ba su da ƙarfin da zai ɗauki kwamfuta. Kuma ba kowane ramin USB-C da ke jikin kwamfuta ne ke karɓar caji ba, sai a nemi wanda aka yi wa alamar wuta a gefensa.

Game da cajar jabu kuwa, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. Irin waɗannan cajoji galibi ba su da nauyi a hannu, suna ɗaukar zafi da wuri, kuma an rage musu kayan kariya domin a sauƙaƙa farashi. Wutar da caja ta gaskiya za ta tare, ta jabu takan bar ta ta wuce ciki.

BATIR DA RAGOWAR WUTA

Idan caja ta fita daga zargi, sai a juya ga batir. Batirin da ya ƙare ƙarƙaf, musamman na kwamfutar da ta yi watanni a ajiye, yana bukatar lokaci kafin ya farfaɗo. A jona caja a bar ta kamar minti 30 zuwa awa guda kafin a sake gwadawa.

In hakan bai yi ba, akwai wata dabara da kamfanonin ƙera kwamfuta da kansu suke ba da shawarar a gwada. Ƙwayar nan mai jiran saƙon maɓalli ita ma takan rikice, kuma ba ta dawowa daidai sai an yanke mata wuta gaba ɗaya. A cire caja, a cire batir in mai cirewa ne, sa'an nan a danne maɓallin kunnawa har daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke maƙale a ciki ta tsiyaye. Daga nan a jona caja kaɗai ba tare da batir ba, a danna. Idan ta tashi, a kashe ta a mayar da batir a sake gwadawa. In ta ƙi tashi da batir a jiki amma tana tashi ba shi, an kama mai laifi.

Yawancin kwamfutocin yanzu batirinsu a ciki yake, ba ya fita sai an kwance murfin ƙasa. A irin waɗannan ma ana cire caja a danne maɓalli na tsawon wannan lokaci. Wasu samfurori, kamar da yawa daga cikin ThinkPad na kamfanin Lenovo da wasu na Acer, an yi musu wani ɗan ƙaramin rami a ƙasa, wanda in aka soka siririn ƙarfe a ciki aka danna, yakan yanke batirin na ɗan lokaci.

Batirin kwamfuta yana da iyakar kwanansa. Bayan caji ɗari-ɗari ƙarfinsa yakan ragu, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Kamfanoni da dama sun ƙayyade cewa kada zafin wurin da ake aiki da kwamfuta ya wuce digiri 35, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan haura 40. Batirin da ya gaji yakan kumbura, kuma ana gane haka idan wurin da ake jan yatsa ya taso sama, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfuta ta daina zama daidai a kan tebur. Kumburarren batir abin haɗari ne, domin yana iya kamawa da wuta. Ba a caja shi, ba a matsa shi, ba a huda shi, sai dai a kai a cire.

Akwai wani batir na biyu wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, ɗan ƙarami mai kama da kwabo, mai ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe agogon kwamfuta da saitinta na asali. Alamar mutuwarsa ita ce kwanan wata ya riƙa komawa baya duk sa'ad da aka kunna. Wasu kwamfutoci sukan ƙi tashi sam idan ya mutu, ga shi kuwa yana cikin mafi arahar kayan da ke jikin na'urar.

TA TASHI AMMA FUSKA BAƘA

Idan fitila na kamawa kuma fanka na juyawa, binciken ya koma wani wuri dabam. A danna maɓallin manyan baƙaƙe da ke hagun allon rubutu. In 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa bisa dannawa, to kwamfutar tana da rai, fuskar ce ba ta nunawa. A haska fuskar da tocilan a kusa, a duba da kyau. Idan ana hango inuwar rubutu dishi-dishi, hasken bayan gilashi ne ya mutu. Haka kuma ana iya jona kwamfutar da talabijin ta igiyar HDMI. Hoto ya fito a talabijin, an tabbatar matsalar ta gilashi ce ko ta siririyar igiyar da ke ratsawa ta cikin maganaɗin murfi, wadda buɗewa da rufewa na shekaru kan cinye.

Wasu kamfanoni sun tanadi hanyoyin gwaji. A kwamfutocin Dell, idan aka danne harafin D sa'an nan aka kunna, fuskar takan nuna launuka ɗaya bayan ɗaya in lafiyarta ƙalau. A na HP kuwa, danne maɓallin Windows tare da harafin B lokacin kunnawa yana sa na'urar ta yi ƙoƙarin gyara manhajarta ta tushe, wadda ake kira BIOS, idan ta lalace. Har wa yau kwamfutoci da yawa sukan faɗi ciwonsu da ƙiftawar fitila ko ƙara. Yana da kyau a ƙirga sau nawa take ƙiftawa da kuma launinta, a rubuta, domin kowane kamfani yana da fassarar waɗannan alamu a littafin na'urarsa.

Sanadin da aka fi samu a nan shi ne ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ake kira ram. Wani siririn falle ne da ake soka shi a mazauninsa, kuma girgizar hanya a kan babur ko ƙura takan sa ya ɗan saki. Cire shi, da goge bakinsa, da mayar da shi yadda ya kamata yakan tayar da kwamfutar da aka fid da rai da ita. Sai dai wanda zai yi wannan lalle ne ya cire caja da batir tukuna, ya kuma taɓa wani ƙarfe kafin ya sa hannu, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe, jikin mutum yana tara 'yar wutar nan mai tartsatsi wadda ke iya kashe kayan ciki. Wanda bai saba ba gara ya bar wa masu sana'ar, kada garin neman gira a rasa ido.

IN MAƁALLIN NE DA GASKE

Duk da haka akwai lokacin da maɓallin ne ya lalace, kuma yana da alamominsa. Fitilar caji tana kamawa, batir yana cika, amma dannawa ba ta haifar da komai. Galibi kuma ciwon ba ya zuwa rana ɗaya. Za a ga an daɗe sai an danna sau uku ko huɗu, ko sai an danna ta gefe guda, ko kuwa maɓallin ya nutse ya daina yin 'yar ƙarar da ya saba yi. Ƙurar hunturu da gumin hannu sukan taru a ƙarƙashinsa, robar da ke tura shi takan karye, siririyar igiyar da ta haɗa shi da babban faranti kuma takan zame, musamman a kwamfutar da aka taɓa buɗewa ba a mayar da kyau ba.

Wasu kwamfutoci suna da wata ƙofar ta daban. Da yawa daga cikin IdeaPad na Lenovo suna da ɗan maɓalli ko rami a gefe mai suna Novo wanda shi ma yana tayar da na'urar. Da yawa daga cikin kwamfutocin MacBook na kamfanin Apple da aka fara fitarwa daga shekarar 2016 sukan tashi da zarar an ɗaga murfi. Idan kwamfuta ta tashi ta irin wannan hanya amma ta ƙi ta maɓalli, magana ta ƙare.

Mai gyaran da ya san aikinsa yana tabbatar da wannan cikin 'yan mintoci. Zai buɗe, ya haɗa bakunan nan biyu da kansa, in ta tashi ya san maɓalli ne. A wasu kwamfutoci maɓallin yana kan wani ɗan faranti nasa na dabam wanda ake sauyawa cikin sauƙi. A wasu kuwa an haɗa shi cikin allon rubutu, sai an sauya allon duka. Ko ta wace hanya, gyara ne mai sauƙin kuɗi in aka kwatanta da sauya babban faranti, don haka bai kamata a yarda da maganar sauya bod ba kafin a yi wannan gwaji.

Babban faranti shi ne ƙarshen bincike. Tsawa, da wutar da ta wuce ƙa'ida, da ruwa su ne manyan abokan gabansa. Idan shayi ko lemo ya zube a kan kwamfuta, abin yi shi ne a cire caja nan take, a kashe ta, a kifa ta, a kai ta a buɗe a wanke cikin gaggawa. Kunna ta don a ga ko tana aiki shi ne abin da ke ƙarasa ta. Binne ta cikin shinkafa kuwa ba ya cire sukarin da ya shiga, wanda zai zauna yana cin ƙarfe a hankali har ta mutu bayan makonni.

A GABAN MAI GYARA

A kasuwanni irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, akwai ƙwararrun matasa masu iya gano ƙwaya guda da ta ƙone a jikin faranti su sauya ta. Akwai kuma 'yan koyo waɗanda ba su san komai ba sai sauya kaya da goge na'ura. Mai kwamfuta shi ne zai kare kansa.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata ya riƙe shi ne, mutuwar kwamfuta ba ta nufin mutuwar abin da ke cikinta. Takardu da hotuna suna zaune ne a rumbun ajiya, wanda a yawancin kwamfutoci ana iya zare shi a jona wa wata a kwashe komai. Saboda haka kwamfutar da ta ƙi karɓar wuta ba ta da wata alaƙa da gogewa, kuma duk wanda ya ce sai an yi mata fomat kafin ta tashi, to a ɗauki kaya a yi gaba. In hali ya yi, a nemi a zare rumbun a ba mai shi ya tafi da shi, domin binciken wuta ba ya bukatarsa, kuma hakan yana kare sirrin mutum.

Akwai togaciya guda biyu. A wasu sababbin kwamfutoci, ciki har da MacBook na 'yan shekarun nan, an like rumbun a jikin faranti, ba ya ciruwa, sai an farfaɗo da farantin kafin a kai ga abin da ke ciki. Sa'an nan kwamfutoci da yawa masu Windows suna kulle rumbunsu da wani tsari mai suna BitLocker, wanda ba ya buɗuwa a wata na'ura sai da mabuɗi mai lambobi 48. Galibi ana samun wannan mabuɗi a asusun Microsoft na mai kwamfutar, kuma ya kamata a kwafe shi a takarda tun ana zaune lafiya.

Kafin a bar kwamfuta a shago, a rubuta lambarta da ke ƙasa, da girman ram da na rumbu, a gaban mai gyara. A yi ciniki kafin a fara aiki, a karɓi rasit, a kuma nemi a dawo da duk abin da aka cire. Wadda aka saya sabuwa kuma wa'adin garantinta bai cika ba, wurin dillalin da ya sayar ya kamata a fara kai ta, domin buɗe ta a wani wuri yana iya zubar da wannan haƙƙi.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa na hannu ne, watau tokumbo, waɗanda suka riga suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka. Na'urorin kansu sau da yawa masu ƙarko ne, amma batirinsu ya sha jiki, cajar da ake haɗawa da su kuma ba kasafai take zama tasu ta asali ba. Mai saye zai yi wa kansa gata idan ya kunna ya kashe sau da yawa a gaban mai sayarwa, ya gwada ta da batir kaɗai, ya kuma karanta rubutun jikin caja.

Sauran kuwa kiyayewa ce ta yau da kullum. A cire caja daga bango idan an ɗauke wuta, kada a mayar sai wutar ta zauna, haka nan lokacin tayar da janareta da kashe shi, da lokacin da hadari ya taso da tsawa. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma inda ramukan shan iskarta za su toshe, kada kuma a bar ta cikin mota a rana. A riƙa kai ta ana busa mata ƙura bayan hunturu. Fiye da duka, duk wanda ke da aikin da ba zai iya jure rasa shi ba, lalle ne ya ajiye kwafinsa a filash ko ya aika wa kansa ta intanet a ƙarshen kowane mako, domin ba a fafe gora ranar tafiya.